Aikin Injiniya a Fannin Tsara Haƙar Ma'adinai da Manhajojinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗalibai da sababbin injiniyoyi da dama suna jin labarin wannan fanni ne ta bakin sunayen manhajoji, har wasu suke ɗauka cewa wanda ya iya danna maɓallan manhaja ya gama koyon sana'ar. An tattara waɗannan tambayoyi ne domin a fayyace abin da aikin ya ƙunsa, da hanyoyin shiga cikinsa, da kuma nauyin da ke kan mai yin sa.

Mene ne ainihin aikin injiniyan tsara haƙar ma'adinai?

Aikinsa shi ne ya yanke shawarar wane ɓangare na ƙasa za a haƙa, a wane lokaci, da waɗanne injuna, da kuma inda za a kai abin da aka haƙo. Kowace tifa da ta fito daga rami tana da makoma: ko ta nufi masana'antar tacewa, ko ta sauke kayanta a tarin da aka ajiye domin gaba, ko ta zubar da shi a juji saboda dutsen banza ne. Waɗannan shawarwari suna da yawan da ƙwaƙwalwar mutum ba za ta iya riƙewa ba, domin babbar mahaƙa tana iya kai shekara talatin ko fiye tana aiki, kuma abin da aka haƙa bana shi ne zai buɗe ko ya toshe hanyar abin da za a haƙa bayan shekara goma. Wannan ne dalilin da ya sa manhaja ta shigo cikin sana'ar.

Me ake nufi da samfurin tubala, wanda ake cewa komai a kansa yake tsayawa?

Ba wanda yake ganin cikin ƙasa da idonsa. Abin da ake yi shi ne a huda ramuka masu zurfi, a zaro sandunan dutse, a kai su ɗakin gwaji domin a auna yawan ma'adinin da ke cikinsu. Daga nan sai a yanyanka yankin gaba ɗaya a cikin kwamfuta zuwa tubala masu kusurwa huɗu, a bai wa kowane tubali kiyasin nauyinsa da darajarsa da irin dutsensa. A matsayin misali, tubali mai mita 10 a tsawo da faɗi da zurfi, idan dutsen yana da nauyin tan 2.7 a kowace kubik mita (mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi), zai kai tan 2,700. Idan akwai giram 1.5 na zinariya a kowane tan, kuma masana'anta tana iya tato kashi 90 cikin ɗari, to tubalin zai ba da giram 3,645. Sai a cire kuɗin haƙa da na tacewa, a ga ko ya biya kansa. Manyan mahaƙu suna da miliyoyin irin waɗannan tubala.

Abin da ya kamata mai koyo ya riƙe shi ne, mafi yawan tubalan ba a taɓa huda su ba. Kiyasi ne aka yi musu daga maƙwabtansu. Dabarar wannan kiyasi ta samo asali ne daga aikin Danie Krige a mahaƙun zinariya na Afirka ta Kudu a 1951, sannan masanin lissafi Georges Matheron na Faransa ya gina mata cikakken tushe a shekarun 1960, ya kuma raɗa mata suna daga sunan Krige. Masanin duwatsu ne yake gina samfurin, amma injiniyan da ya karɓe shi bai tambayi nisan da ke tsakanin ramukan gwaji ba, ya ɗora gini ne a kan tubalin toka.

Ta yaya manhaja take gano iyakar da ramin ya kamata ya tsaya?

A buɗaɗɗen rami ba a iya ɗauko tubali daga ƙasa sai an kwashe waɗanda ke samansa, kuma ba a miƙe kamar rijiya ake haƙawa ba, domin bango zai rufta. Dole bakin ramin ya riƙa buɗewa yayin da ake nutsawa. A ɗaya daga cikin tsare-tsaren da aka saba amfani da su, tubali ɗaya yana buƙatar a cire tara a hawan da ke samansa, su kuma suna buƙatar ashirin da biyar a hawa na gaba, haka abin yake ta faɗaɗa. Tambayar ita ce: wane rukunin tubala ne, idan aka haƙe shi tare da kiyaye wannan ƙa'ida, zai ba da riba mafi yawa?

Helmut Lerchs da Ingo Grossmann ne suka wallafa amsar wannan tambaya a 1965, da tsarin lissafin da har yau yake ɗauke da sunayensu. Kwamfutocin wancan zamani ba su da ƙarfin aiwatar da shi a kan manyan mahaƙu, sai a tsakiyar shekarun 1980 ne Jeff Whittle na Ostareliya ya mayar da shi manhajar da kamfanoni za su iya saye su yi aiki da ita. A tsakani kuma, a 1976, Jean-Claude Picard ya nuna cewa matsalar daidai take da matsalar gano iyakar abin da zai iya gudana a cikin sarƙaƙƙiyar hanyar bututu, wanda hakan ya buɗe ƙofa ga hanyoyi masu sauri. Daga baya Dorit Hochbaum ta Jami'ar California da ke Berkeley ta fito da tsarin da ake kira Pseudoflow, wanda yake ba da amsa iri ɗaya cikin ɗan lokaci kaɗan, kuma manhajoji da yawa sun koma kansa.

A aikace ba rami ɗaya ake fitarwa ba. Ana maimaita lissafin da farashi daban-daban, daga mai araha zuwa mai tsada, sai a sami jerin ramuka, wani a cikin wani kamar ƙoƙuna da aka jera. Ƙananan da ke ciki su ne suke nuna inda arzikin ya fi taruwa, kuma daga gare su ake zaɓar zangunan da za a bi wajen faɗaɗa ramin.

Idan manhaja ta riga ta fitar da rami mafi riba, me ya rage wa injiniya?

Kusan dukkan aikin ne ya rage, kuma a nan ne ake bambance injiniya da mai danna maɓalli.

Da farko, abin da manhaja ta fitar ƙwarya ce kawai ta lissafi, ba ta da hanyar da tifa za ta bi ta sauka, ba ta da dandamalin da injin haƙa zai tsaya ya juya, ba ta kuma san inda ruwan damina zai taru ba. Injiniya ne zai zana hanyar mota mai faɗin da manyan tifofi biyu za su gitta juna, da gangaren da ba zai fi ƙarfin birkinsu ba (galibi kusan kashi 10 cikin ɗari), sannan ya sake auna yawan dutsen banzan da hanyar ta ƙara. Sau da yawa akan tarar da zangon da ya yi kyau a allon kwamfuta ya yi ƙunci da yawa, ba zai ɗauki injin da kamfanin ya mallaka ba.

Na biyu, tsarin Lerchs da Grossmann bai san lokaci ba, alhali lokaci kuɗi ne a wannan sana'a ta fuskar lissafi tsantsa. Idan ana rage darajar kuɗi da kashi 10 cikin ɗari a kowace shekara, dala 100 da za a samu bayan shekara goma ba ta wuce dala 39 ba a yau. Saboda haka ana son a kai ga dutse mai daraja da wuri, a jinkirta kwashe dutsen banza gwargwadon iko, amma ba jinkirin da zai sa masana'anta ta wayi gari babu abin da za ta niƙa ba. Tsara wannan jadawali ya fi gano iyakar rami wahala nesa ba kusa ba, domin akwai iyakar abin da tifofi za su iya ɗauka, da iyakar abin da masana'anta za ta iya tacewa, da buƙatar gauraya duwatsu domin kada gurɓatattun sinadarai irin su arsanik su wuce ƙima. Har yau ana bincike a kan wannan matsala. Aikin Daniel Bienstock da Mark Zuckerberg (wani masanin lissafi ne da ya yi aiki da kamfanin BHP, ba mai Facebook ba) na wajen 2010 yana cikin waɗanda suka sa aka iya warware manyan jadawalai.

Na uku akwai mizanin da ke raba dutse mai amfani da na banza. Kenneth Lane ya nuna tun 1964 cewa wannan mizani bai kamata ya tsaya cak ba, ya kamata ya riƙa sauyawa bisa ga ɓangaren da ya fi takura aikin, ko haƙa, ko tacewa, ko kasuwa. Dutsen da aka ƙi bana yana iya zama abin nema bayan shekara takwas, don haka inda aka tara shi ma shawara ce.

A ganina, babban haɗarin da ke fuskantar sabon injiniya shi ne kyawun abin da manhaja take fitarwa. Zane mai launuka da jadawali mai lambobi har zuwa ɗigo biyu suna sa mutum ya manta cewa kusurwar bango da farashin ma'adini da saurin tifa duk shi ne ya shigar da su da hannunsa. Idan bai taɓa tsayawa a gindin rami ya ga yadda tifofi suke layi suna jiran injin loda ba, ko yadda ruwan sama na dare ɗaya yake tsayar da aikin safiya, to zai shigar da lambobin da ke cikin takardar masu sayar da injin, kuma jadawalinsa zai rushe tun a watan farko.

Waɗanne manhajoji ne aka fi amfani da su, kuma su wa ke ƙera su?

Ostareliya ce cibiyar wannan sana'a. Kamfanin Maptek, wanda aka kafa a 1981, shi ne mai Vulcan. Deswik ya tashi ne a Brisbane, kuma kamfanin Sandvik na Suwidin ya saye shi a 2022. Micromine daga Perth yake. Surpac da Whittle suna ƙarƙashin GEOVIA, reshen kamfanin Dassault Systèmes na Faransa, tun bayan da Dassault ya sayi Gemcom, kamfanin da yake da su a da, a 2012. MineSight na birnin Tucson a Amurka ya koma hannun kamfanin Hexagon a 2014, yanzu ana kiransa MinePlan. Datamine yana da jerin manhajojin Studio, shi kuma Leapfrog, wanda masana duwatsu suka fi so, na kamfanin Seequent ne na New Zealand, wanda kamfanin Bentley ya saya a 2021.

Kada mai koyo ya ɓata lokaci wajen neman wadda ta fi. Kamfanin da ya ɗauke shi aiki shi ne zai zaɓa masa, kuma wanda ya fahimci tushen lissafin yana iya sauya manhaja cikin 'yan makonni.

Waɗanne irin guraben aiki ne ake samu?

Mafi yawan mutane suna farawa ne a mahaƙa, a matsayin injiniyan gajeren zango, wanda yake tsara aikin yini da mako da wata: inda za a huda, inda za a fasa da nakiya, da fuskar da kowane injin loda zai tunkara. Daga nan ake hawa zuwa tsarin shekara ɗaya zuwa biyu, wanda kasafin kuɗi yake dogara da shi, sannan tsarin tsawon rayuwar mahaƙa, wanda galibi a hedikwata ake yin sa.

Hanya ta biyu ita ce kamfanonin ba da shawara irin su SRK da AMC, inda ake nazarin ko sabuwar mahaƙa za ta biya kuɗin da za a zuba mata. A can mutum yakan ga ma'adinai iri-iri cikin 'yan shekaru.

Hanya ta uku ita ce kamfanonin manhajar kansu, kuma mutane da yawa ba su san tana buɗe ga injiniyoyin ma'adinai ba. Akwai masu horar da abokan ciniki da warware musu matsaloli, akwai masu girka manhaja a mahaƙa su daidaita ta da yanayin wurin, akwai masu yanke shawarar abin da za a ƙara a fitowa ta gaba, akwai kuma masu rubuta manhajar da masana lissafin da ke gina zuciyarta. Injiniyan da ya yi shekara huɗu ko biyar a rami sannan ya iya rubuta manhaja yana da daraja ta musamman a nan, domin shi ne zai iya gaya wa mai rubutu dalilin da ya sa amsar da lissafi ya ce ita ce mafi kyau ba za ta haƙu ba.

Dole ne sai mutum ya karanta injiniyancin ma'adinai?

Domin tsara mahaƙa da sa hannu a kan tsarin, shi ne tafarkin da ya fi miƙewa, ko da yake ana samun masana duwatsu da safiyoyi masu awon ƙasa da injiniyoyin gine-gine da suka shigo ta gefe. Domin gina manhaja kuwa, digiri a kimiyyar kwamfuta ko lissafi ko binciken dabarun gudanarwa ya wadatar, muddin mutum zai ƙasƙantar da kai ya koyi yadda mahaƙa take aiki daga bakin masu ita.

Wane ilimin kwamfuta da lissafi ya kamata a fara da shi?

Excel na nan daram a kowane ofishin tsare-tsare, kuma rashin iya shi abin kunya ne. Bayansa sai Python, wani harshen rubuta manhaja, domin tsabtace bayanai da sauƙaƙa ayyukan da ake maimaitawa kullum, sai SQL domin zaro bayanai daga rumbun na'urorin da ke bibiyar tifofi. Mai son shiga ƙera manhaja zai buƙaci harshen C++ ko C#, tare da fahimtar lissafin siffofi masu tsawo da faɗi da zurfi. Ta fannin lissafi, a ba da ƙarfi ga ƙididdiga, da tsarin neman mafificiyar amsa a ƙarƙashin sharuɗɗa, musamman nau'in da amsarsa take "a haƙa" ko "kada a haƙa". Gurobi da CPLEX su ne sanannun manhajojin warware irin wannan lissafi, kuma suna ba da lasisi kyauta ga ɗaliban jami'a.

Lasisin manhajojin yana da tsada. Ta yaya ɗalibi zai koya ba tare da shi ba?

Wasu kamfanonin suna bai wa jami'o'i lasisin koyarwa, don haka a fara tambaya a sashe. Idan babu, akwai MineLib, wani rumbun samfuran tubala da masu bincike daga Cile da Amurka suka buɗe wa kowa. Ɗalibi zai iya sauke ƙaramin samfuri, ya rubuta tsarin gano iyakar rami da Python ta amfani da dabarar Picard, ya gwada amsarsa da wadda aka wallafa. Wanda ya yi wannan da hannunsa ya fahimci abin da Whittle yake yi fiye da wanda ya halarci horon kwana uku, kuma yana da abin nunawa ranar ganawar neman aiki. A guji manhajar sata. Ban da haramcinta, ba wanda zai iya ambata ta a takardar neman aiki.

A ina ake karanta wannan fanni?

Daga cikin sanannun makarantu akwai Colorado School of Mines a Amurka, da makarantar ma'adinai ta Jami'ar Curtin da ke Kalgoorlie, da Jami'ar Queensland, da Jami'ar Witwatersrand a Johannesburg, da Jami'ar Cile mai ɗakin bincike na Delphos. A Jami'ar McGill ta Kanada, ɗakin binciken COSMO ƙarƙashin Roussos Dimitrakopoulos ya shahara wajen tsara mahaƙa bisa samfura masu yawa a lokaci guda maimakon ɗaya, domin a shigar da rashin tabbas cikin lissafin tun farko. A Afirka ta Yamma akwai Jami'ar Ma'adinai da Fasaha ta Tarkwa a Gana, da makarantar ma'adinai ta EMIG a Yamai, da Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Akure, da Jami'ar Jos.

Akwai aikin a ƙasashenmu, ko sai an yi ƙaura?

Gana ce ta fi yawan guraben, saboda manyan mahaƙun zinariya na Tarkwa da Obuasi da Ahafo. A Nijar ana haƙar yuraniyam a Arlit tun 1971, ga kuma kwal na kamfanin SONICHAR a yankin Agadas. A Nijeriya mahaƙar zinariya ta Segilola a jihar Osun ta fara fitar da kaya a 2021, kuma kada a raina wuraren fasa farar ƙasa na kamfanonin siminti a Obajana da Ashaka da Kalambaina, domin gauraya dutse yadda sinadaransa za su dace da buƙatar tanderu aikin tsara jadawali ne na gaske. Mai aiki a Nijeriya yana buƙatar rajista da COMEG, majalisar da ke kula da injiniyoyin ma'adinai da masana kimiyyar ƙasa. Ayyukan ƙera manhaja kuwa sun fi taruwa a Brisbane da Perth da Vancouver da Santiago da Johannesburg.

Wane nauyi ne doka take ɗora wa mai wannan aiki?

Alƙaluman da injiniya ya fitar su ne kamfani yake kai wa banki da kasuwar hannun jari. A 1997 aka gano cewa an barbaɗa zinariya ne a samfuran dutsen kamfanin Bre-X na Kanada daga Busang a Indunisiya, masu zuba jari suka yi asarar biliyoyin daloli, kuma wannan ya kai ga kafa dokar NI 43-101 ta Kanada a 2001, wadda ta tsara yadda kamfani zai bayyana ma'adinin da yake da shi. Ostareliya tana da irin wannan ƙa'ida mai suna JORC tun 1989, Afirka ta Kudu kuma tana da SAMREC. A ƙarƙashin JORC, wanda zai sa hannu a rahoton ma'adinin da za a iya haƙowa da riba dole ya kasance ɗan wata ƙungiyar ƙwararru da aka amince da ita, mai gogewar aƙalla shekara biyar a irin wannan ma'adini da irin wannan aiki, kuma sunansa ne yake fita a rahoton, ba sunan manhaja ba.

Nauyin rayuka ya fi wannan girma. Ƙara miƙewar bango da digiri ɗaya ko biyu yana rage miliyoyin tan na dutsen banza, shi ya sa kullum ake matsa wa injiniya lamba a kai. A watan Afrilun 2013 bangon mahaƙar Bingham Canyon a jihar Utah ya zabtare, ɗaya daga cikin zabtarewa mafi girma a tarihin haƙar ma'adinai, amma ba a rasa rai ba saboda na'urorin sa ido sun nuna motsin tun da wuri, aka kwashe ma'aikata. Kusurwar bango hurumin injiniyan ƙarfin duwatsu ce, kuma mai tsara rami ba shi da ikon taɓa ta domin ribar takarda.

Tsarin haƙa ta ƙarƙashin ƙasa ya bambanta da na buɗaɗɗen rami?

Ƙwarai kuwa. A can ana tsara ɗakunan da za a kwashe, da hanyoyin isa gare su, da iskar shaƙa, da cike guraben da aka bari, kuma kowace dabarar haƙa tana da nata lissafin. Yayin da manyan ramuka suke kai iyakar zurfinsu, kamar Chuquicamata ta Cile da ta fara aikin ƙarƙashin ƙasa a 2019 bayan fiye da ƙarni guda a buɗe, buƙatar masu wannan ƙwarewa tana ƙaruwa.

Ƙirƙirarriyar basira ba za ta ƙwace wannan aiki ba?

Ta riga ta sauya wasu sassansa. A yankin Pilbara na yammacin Ostareliya, tifofi marasa direba suna aiki ana lura da su daga Perth, mai nisan fiye da kilomita dubu, kuma zanen da yake cin mako guda a da yanzu ana fitar da irinsa goma a yini. Sai dai tifa marar direba ta fi buƙatar tsari mai tsabta, domin ba ta da direban da zai kauce wa kuskuren zane da hankalinsa. Idan aka zana mata mahaɗar hanya mai ƙunci, tsayawa za ta yi, layi ya taru a bayanta. Ayyukan maimaici irin su zana layukan dandamali ɗaya bayan ɗaya suna raguwa, yayin da ake ƙara neman wanda zai duba tsare-tsare hamsin da manhaja ta fitar, ya zaɓi wanda shugaban ma'aikatan rami zai iya aiwatarwa ranar Litinin da injunan da suke da lafiya a wannan makon.